Yadda za ka bar gidan hayar haɗaka ba tare da bashin abokin zamanka ya biyo ka ba

A Samaru ta Zariya, da unguwannin da ke kewaye da Jami'ar Bayero a Kano, da su Kubwa da Nyanya da Mararaba a gefen Abuja, ba kasafai ɗalibi ko ɗan bautar ƙasa ko sabon ma'aikaci yake kama muhalli shi kaɗai ba. Kuɗin shekara ake nema a dunƙule, ga na dillali, ga na takarda, sai mutum biyu ko uku su haɗa kuɗi su biya. Ana cikin zama sai ɗaya ya gama karatu, ko a yi masa canjin wurin aiki, ko aure ya zo. Ya ɗaure kayansa, a yi sallama ta mutunci, ya tafi. Bayan wata takwas ko shekara sai ga wayar mai gida: wanda aka bari a ɗakin bai biya ba, kuma sunan wanda ya tafi yana nan a takarda.

Kwashe kaya ba ya cire suna daga haya. Da mai gida ka ƙulla alƙawarin biya, don haka shi ne zai kwance maka shi, ko kuma wa'adin ya cika ka miƙa wurin yadda ya kamata. Duk abin da kuka shirya ku biyu a ɗaki, ko da rantsuwa kuka yi, bai hau kan mai gida ba muddin ba da shi aka yi ba. Da "kai" zan yi magana, amma 'yan mata masu haɗa ɗaki a bayan makaranta, duk abin da ke nan ya shafe ku.

Da farko, gano a wane matsayi ka shiga gidan

Ɗauko takardar yarjejeniya da rasit ɗin biya na ƙarshe ka duba sunan wa ke jiki. A nan ne komai yake rabuwa.

In sunanka ne kai kaɗai, to a idon mai gida da idon kotu kai ne ɗan haya. Abokin zamanka a ƙarƙashinka yake zaune, ko da shi ya kawo rabin kuɗin. Wannan shi ne matsayi mafi haɗari, kuma shi ya fi yawa, domin sau da yawa wanda ya fara samo ɗakin shi ke sa hannu, sauran su biyo baya. Haɗarin bai tsaya ga kuɗin wa'adin da ake ciki ba. Ɗan haya yana da nauyin mayar wa mai gida wurinsa babu kowa a ciki idan wa'adi ya ƙare. In ka tafi ka bar wanda kai ka shigo da shi, ba ka mayar da wurin ba ke nan, kuma mai gida zai iya neman kuɗin duk watannin da mutumin ya ƙara a hannunka.

In sunayenku ne ku biyu a takarda ɗaya, kada ka ɗauka rabi kawai ke kanka. Yawancin yarjejeniyoyin da lauyoyi ke rubutawa da Turanci suna ɗauke da kalmomin "jointly and severally", kuma abin da suke nufi a aikace shi ne mai gida yana da damar neman kuɗin gaba ɗaya a hannun duk wanda ya ga dama a cikinku. Ba zai bi wanda ba shi da ko sisi ba. Wanda ke da albashi da adireshin ofis zai bi. Ko babu waɗannan kalmomi, mutum biyu da suka kama wuri ɗaya a kan kuɗi ɗaya galibi ana ɗaukar bashin a matsayin nasu tare. Abin da ke raba nauyi shi ne a rubuta a fili cewa kowa kasonsa kawai zai biya, ko kowa ya riƙe takardarsa da rasit ɗinsa dabam, kamar yadda ake yi a wasu gidajen kwanan ɗalibai inda gado ake biya ba ɗaki ba.

In babu sunanka ko'ina, kai ne aka shigo da kai, to mai gida ba shi da alƙawari da kai. Tsakaninka da abokin zamanka ne, ka biya shi abin da kuka yi da shi ka tafi.

Akwai kuma wanda bai taɓa kwana a gidan ba, ko ya kwana ya tashi, amma ya sa hannu a matsayin mai tsaya wa ɗan haya. Zan dawo kansa.

Idan babu takarda sam, da baki aka yi, hayar tana nan daram, sai dai shaida ce za ta yi aiki: sunan da ke kan rasit, asusun da kuɗi ya fito daga ciki, da abin da dillali zai faɗa in an tambaye shi wa ya bai wa mukulli.

Na biyu, duba kwanan wata

Da yake a ƙasar nan tun farkon wa'adi ake biyan haya, rigimar ba ta cika tasowa a tsakiyar shekara ba. A bakin sabuntawa take kwance. Ka tashi a wata na bakwai, kuɗi ya riga ya shiga, kowa lafiya lau. Ranar da shekara ta cika, abokinka ya ci gaba da zama, mai gida ya buɗe littafinsa ya ga sunanka, ya ɗauka hayar ta zarce kamar yadda take.

Saboda haka ka tantance: hayar taku mai ƙayyadadden wa'adi ce, daga rana kaza zuwa rana kaza, ko kuwa mai zarcewa ce shekara bayan shekara? Mai wa'adi tana mutuwa da kanta ranar da aka rubuta. Mai zarcewa sai an kashe ta da sanarwa. In takardarku ta faɗi tsawon sanarwar, shi za a bi. In ta yi shiru, dokar karɓar gidaje da ke aiki a Abuja ta sa mako guda ga mai biyan mako-mako, wata guda ga mai biyan wata-wata, wata 3 ga mai biya duk wata uku, wata 6 ga mai biyan shekara. Dokar haya ta Legas ta 2011 ma wata 6 ta ba mai hayar shekara. Kowace jiha da tata dokar, don haka ka tambayi lauya ko magatakardar kotun da ke kusa da kai ta jiharku. Mutane sun san wannan sanarwa a matsayin notis ɗin da mai gida ke bai wa ɗan haya, sun manta ɗan haya ma ana jiran tasa.

Na uku, zauna da abokin zamanka ku yi lissafi

Kafin ka je wa mai gida, ku biyu ku daidaita. Zai ci gaba da zama shi kaɗai? Yana da ƙarfin biyan kuɗin duka, ko zai nemi wani ya maye gurbinka? Ragowar watanninka da ka riga ka biya, zai mayar maka, ko sabon mai shigowa ne zai biya ka, ko ka yafe? Kuɗin ajiyar da aka bai wa mai gida don gyaran ɓarna fa, tunda mai gida ba zai sake shi ba sai an bar ɗakin gaba ɗaya? A ce kun ajiye naira 40,000 ku biyu, hanya mafi sauƙi ita ce wanda zai zauna ya ba ka 20,000 yanzu, ajiyar ta zama tasa duka.

Ku rubuta abin da kuka tsayar, ko a WhatsApp ne, ya amsa da "na amince". Na san a nan ne kunya ke shigowa. Mutumin da kuka ci a kwano ɗaya, ya yi jinyarka lokacin zazzaɓi, sai ka ji nauyin ce masa ya sa hannu. Amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma da muminai take magana, ba da mutanen da ake zargi ba. Yawancin waɗanda suke barin bashin haya ba macuta ba ne. Aiki ne ya tsaya, ko alawus bai fito ba, ko rashin lafiya ta shigo gida. Takarda tana kare zumuncin ne a ranar da irin wannan ta faru.

Na huɗu, je wurin mai gida da kanka

Wannan shi ne matakin da in ka yi shi daidai, sauran duk sauƙi ne. Ka je tare da abokin zamanka, da wanda zai maye gurbinka in akwai. Kada ka tsaya ga dillali ko mai kula da gida, sai fa in shi ne mai gida ya wakilta a rubuce, shi ke sa hannu a rasit. Dillalin da ya ce maka "ba komai, je ka abinka" ba lallai ya tuna ya faɗa ba bayan shekara guda.

Bayan gaisuwa, ka faɗi buƙatarka a fili: "Ranka ya daɗe, an mayar da ni aiki wani gari, ƙarshen watan nan zan tashi. Ga ɗan'uwana zai ci gaba da zama. Alfarmar da nake nema ita ce a cire sunana, a mayar da hayar da sunansa, don gobe kada a sami ruɗani." In Hajiya ce mai gidan, haka za ka ce da "ranki ya daɗe". Dattijo zai iya cewa, "Haba yaro, ai mun zama ɗaya, Allah ya kiyaye hanya." Ka yi godiya, sannan ka ce, "Baba, saboda halin rayuwa ne, a ɗan sa mini hannu a nan." Ba rashin yarda ba ne. Gidajen haya suna canza hannu, a sayar, ko mai shi ya rasu magada su zo da littafi, su kuwa abin da ke rubuce kawai suka sani.

Abu mafi kyau shi ne a soke tsohuwar yarjejeniya a rubuta sabuwa da sunan mai zama. In mai gida yana ganin wannan wahala ce ko sai an sake biyan kuɗin takarda, to gajeriyar takardar sallama ta wadatar. Ga irin abin da za ta ƙunsa:

"Ni, wane, mai gida mai lamba kaza a unguwa kaza, na amince wane ya fita daga hayar ɗaki kaza daga ranar kaza. Ya biya duk abin da ke kansa har zuwa wannan rana. Daga ranar, kuɗin haya da na wuta da na ruwa da gyaran duk wata ɓarna suna kan wane shi kaɗai, kuma ba zan nemi komai a hannun wanda ya fita ba."

Mai gida ya sa hannu, kai ka sa, mai zama ya sa, shaidu biyu su sa, da kwanan wata. Kowa ya riƙe kwafi, ka ɗauki hotonta ka tura wa kanka ta imel. Ka lura da jimlar ƙarshe, ita ce ran takardar. Takardar da ta ce kawai "na san wane ya tashi" ta tabbatar da tashinka, amma ba ta ce an sauke maka nauyi ba. Haka kuma amincewar mai gida cewa wani ya shigo a madadinka ba ta wadatar ita kaɗai, domin a ƙa'idar da kotunanmu suka gada, wanda ya fara sa hannu yana iya ci gaba da ɗaukar nauyi har ƙarshen wa'adi ko da ya miƙa wa wani, sai in an sallame shi a fili.

Ka roƙi abu ɗaya kuma: rasit na gaba ya fito da sunan mai zama kaɗai.

In mai gida ya ƙi

Yana da ikon ƙi. In wa'adi bai cika ba, ba dole ne ya saki mutumin da ya fi amincewa da aljihunsa ba. A nan sai ka rage asara. Rubuta masa wasiƙa cewa ka bar gidan ranar kaza, ba za ka sabunta ba idan wa'adi ya cika ranar kaza, kuma duk wanda ya zauna bayan nan ba da yawunka ba ne. Ka kai da hannu a sa maka hannu a kwafinka, in an ƙi karɓa ka aika ta kamfanin kai saƙo mai bayar da shaidar isarwa, ka kuma tura hotonta ta waya. Ka yi wannan da wuri, yadda zai cika tsawon sanarwar da ke kanka.

In sunanka ne kaɗai a takarda, wasiƙa ba za ta ishe ka ba. Ko dai mai gida ya karɓi abokinka a matsayin sabon ɗan haya, ko abokin ya tashi kafin ranar cikar wa'adi. Babu hanya ta uku da ba za ta bar ka a cikin hatsari ba, kuma gara ka faɗa masa wannan tun da sauran watanni ya nemi wuri, da ka yi kara yau ku haɗu a kotu baɗi.

Ranar tashi

Ɗauki hoto da bidiyon ɗakin, bango da ƙofa da banɗaki da famfo. Ɗauki hoton mita. In ba mai kati ba ce, takardar wuta ake kawowa, ka biya kasonka har zuwa ranar ka ajiye shaida. Mukullinka ka miƙa wa mai gida ko wakilinsa a gaban shaida, kada ka bar shi a aljihu don wai za ka riƙa sauka in ka shigo gari. Wanda ke riƙe da mukulli, kayansa na cikin ɗaki, da wuya ya gamsar da alƙali cewa ya tashi.

Bayan ka tafi, in abokin ya shiga matsi kana son taimaka masa, tura masa kuɗin a asusunsa shi ya biya. Kuɗin haya da ya fita daga asusunka kai tsaye zuwa na mai gida bayan ka tashi zai iya zama hujjar cewa har yanzu kana cikin hayar.

In ka riga ka tafi ba ka yi ko ɗaya ba, ga kira ya zo

Kada ka kashe waya, kada kuma ka yi saurin cewa "zan biya" don a rabu lafiya. Ka ce a turo maka lissafi a rubuce: nawa ne, na waɗanne watanni, nawa aka riga aka karɓa kuma daga hannun wa. Sai ka raba kuɗin kashi biyu, na cikin wa'adin da ka sa wa hannu, da na bayansa. Na farko mai yiwuwa yana kanka. Na biyu akwai magana, musamman in kuna cikin takarda tare, mai gida ya san ka tashi, ya kuma ci gaba da karɓar kuɗi a hannun abokinka ko ya yi masa sabon farashi. Wannan alama ce mai ƙarfi cewa sabuwar haya suka ƙulla ba da kai ba.

Tattara duk abin da ke hannunka: saƙonnin sallama, alat na banki, takardar canjin wurin aiki, rasit ɗin sabon gidanka. Dokar shaida ta 2011, a sashe na 84, ta ba kotu damar karɓar saƙonnin waya da na kwamfuta bisa wasu sharuɗɗa, don haka kada ka goge hira, kada ka yar da tsohuwar wayar. Kada kuma ka yi zaton daɗewa ta kashe maganar, a Abuja da Legas mai bin irin wannan bashi yana da shekara 6 ya kai ƙara.

In aka yi maka barazanar 'yan sanda, ka sani bashin haya ba laifi ba ne da ake kama mutum a kansa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, sun kuma hana kama wani a madadin wani. In an gayyace ka ofis ka je cikin ladabi tare da lauya ko wani babba. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nemi ofishin hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa da ke jiharsa.

Ni dai a ganina sulhu ya fi dacewa da yawancin irin wannan rigima, domin kuɗin da ake jayayya a kai sau da yawa bai kai wahalar zirga-zirgar kotu daga wani gari ba. A zauna ku uku gaban mai unguwa ko limami, ko ofishin Hisba a inda take. Abin da za ka nema a zaman shi ne mai zama ya amsa bashin da bakinsa a rubuce, a yanka masa yadda zai biya, a kuma sa ranar da zai tashi in ya kasa, don kuɗin ya daina hauhawa. In ta kama ka biya wani abu don ka fita, kada ka saki ko kwabo sai an rubuta cewa wannan shi ne biya na ƙarshe kuma an sallame ka. In kuwa sammaci ya zo, ka halarta. Rashin zuwa shi ke sa a yanke hukunci a bayan idonka a kan adadin da mai ƙara ya faɗa.

Wanda ya tsaya wa wani

Mai lamuni ba ya fita don ya bar gari ko don sun ɓata da wanda ya tsaya wa. A fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'ar Musulunci ke bi a Arewa, mai lamuni mai biya ne, sai dai littafin fiƙihu na Risala ya kawo cewa ba a bin sa sai wanda ake bi bashin ya rasa abin biya ko ba ya nan. A kotun majistare kuwa abin da takardar ta ce shi ake bi, kuma wasu takardun suna ba mai gida damar zuwa kanka kai tsaye. Duba ko lamunin na shekara ɗaya ne ko ya haɗa da duk sabuntawa. In ya haɗa, rubuta wa mai gida tun kafin wa'adi ya cika cewa ba ka tsaya wa kowa ba a shekara mai zuwa, ya nemi wani mai lamunin kafin ya sabunta.

Karɓo abin da ka biya a madadinsa

Biyan da ka yi wa mai gida bai wanke abokin zamanka ba. Duk abin da ka biya sama da kasonka bashi ne a kansa, kuma kana da haƙƙin nema. Biya ta banki, rubuta dalilin biyan a jikin turawar, karɓi rasit da ke nuna na waɗanne watanni ne. Sannan ka aika masa da lissafi da wa'adi. In ya amsa amma ba shi da shi a dunƙule, karɓi kaɗan-kaɗan a kan rana tsayayya kowane wata, da wani nasa, yaya ko kawu, a matsayin shaida. In ya yi kunnen uwar shegu, akwai kotun ƙananan basussuka, wadda Legas ta fara a 2018, Kano ta buɗe tata a 2019, wasu jihohi suka biyo baya. An tsara ta yadda mutum zai cike fom ya tsaya da kansa ba sai da lauya ba, kuma matakin farko a cikinta shi ne takardar neman biya da ake kai wa wanda ake bi. Ka tafi da yarjejeniyar haya, rasit ɗin abin da ka biya, da saƙon da ya amsa cewa shi zai ci gaba da biyan ɗakin.